Me kalmar "change" take nufi a Turanci?

"Change" na nufin abu ya bar yanayin da yake ciki ya koma wani daban. Tana zuwa aikatau, tana kuma zuwa suna. Mutum ya sake riga, ko yanayi ya juya da kansa, duk da ita Bature zai faɗa. Daga tsohon Faransanci ta shiga Turanci tun ƙarni na 13, asalinta kuwa kalmar Latin ce mai nufin musaya. Shi ya sa ragowar kuɗin da mai kanti ke maido wa mai saye ma sunansu ke nan. Mu ma mun ara: ga "canji", ga 'yan canjin Wapa a Kano, kuma da wannan kalma jam'iyyar APC ta yi kamfe a zaɓen 2015.