Injin Tsohuwar Tantan Ta Lambu: Nemansa, Awonsa Da Dakonsa

 

Yau za mu yi magana a kan wata haja wadda ba kullum take faɗowa hannun dillali ba, amma in ta faɗo, ko dai ta bar masa la'ada mai kauri ko ta haɗa da uwar kuɗinsa ta cinye. Hajar ita ce injin ƙaramar tantan ta lambu, irin tsofaffin nan ƙirar Amurka.

Abin da ya ja mu ga zancen shi ne abin da ya sami wani ɗan'uwanmu dillali da muke zama rumfa ɗaya. Wani dattijo mai lambun mangwaro yana da irin wannan 'yar tantan, ya same ta cikin kayan gwanjo shekaru da yawa da suka wuce, da ita yake jan taki da kwandunan kaya. Rannan inji ya buga, bulok ya fashe. Dattijo ya ba ɗan'uwanmu kafin alƙalami, ya ce a nemo masa wani. Shi kuwa tambaya ɗaya ya yi: doki nawa ne? Aka ce 12. Ya aika wa abokin hulɗarsa a Amurka, aka sayo inji mai doki 12, kamfani ɗaya da na dattijo, aka yi dakonsa har gida. Da aka buɗe akwati sai ga inji lafiyayye, bugu ɗaya yake tashi, amma ya ƙi zama a kan tantan. Kaskon baƙin mai ya fi gurbinsa faɗi, sandar da ke fitowa daga cikinsa kuma ta yi wa fuli kauri. Dattijo ya ce: "Malam, ba abin da na sa ka ke nan ba." Kuma gaskiyarsa. To don kada wani ya sake faɗawa wannan rami muka tattaro bayanin da ke tafe.

ASALIN HAJAR

Waɗannan ƙananan motocin noma sun yi tashe a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1946 Elmer Pond ya fara haɗa nasa a garin South Bend na jihar Indiyana, su ne suka zama Wheel Horse, kamfanin Toro ya saye su a 1986. Kamfanin International Harvester ya fito da Cub Cadet a 1961, ya sayar wa MTD da sunan a 1981. John Deere kuwa ya shigo a 1963 da samfurin 110, wanda aka ƙera a Horicon ta jihar Wiskonsin, guda 1,000 a shekarar farko.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, masu ƙera tantan ɗin ba su ne masu ƙera injin ba. Sayowa suke yi daga Kohler, ko Briggs & Stratton, ko Tecumseh, ko Onan. Wanda ya fi yawa a cikin tsofaffin shi ne Kohler jerin K, mai silinda ɗaya, na zubin baƙin ƙarfe. Ga lissafinsu: K161 doki 7, K181 doki 8, K241 doki 10, K301 doki 12, K321 doki 14, K341 doki 16. An daɗe da daina ƙera su. Tecumseh ya bar yin inji a 2008, Briggs & Stratton ya karye a 2020 har wasu suka saye shi, sashen injuna na Kohler kuma ya koma amsa sunan Rehlko a 2024. Saboda haka duk wanda ya ce zai kawo muku sabon K301 dal daga kamfani, ku riƙe jakarku.

LAMBA KAFIN TAYI

A jikin rufin fankar inji akwai ɗan allo mai lambobi. Na Kohler guda 3 ne: lambar samfuri, lambar tsari wadda aka rubuta Spec, da lambar jeri. Ta tsakiyar ita ce uwa, ita ke faɗin irin sandar da aka sa wa injin, da irin kaskonsa, da yadda ake tayar da shi, gwargwadon abin da mai tantan ya yi oda. Haruffan da ke bin lambar samfuri su ma magana suke yi: A na nufin kaskon mai na musamman, S na nufin tashi da batir, T na nufin tashi da igiya. Da ɗan'uwanmu ya kula da harafi ɗaya, da bai yi asara ba. Na Briggs & Stratton ma 3 ne, Model da Type da Code, kuma lambobi 2 na farkon Code su ne shekarar da aka ƙera shi.

Sai dai fa kada a dogara da allo kaɗai. Injin da ya shekara 50 ya bi ta hannaye da yawa, wani bakanike yakan ciro rufin wannan ya ɗaura wa wancan. Don haka bayan lamba sai awo.

AWO BIYAR

Na ɗaya, sandar inji, wadda bakanikai ke kira karanshaf: a kwance take fitowa ta gefe ko a tsaye ta ƙasa? Yawancin tsofaffin tantan na lambu a kwance ne. Mai sanda a tsaye na injin yankan ciyawa ne, ba ya hawa gurbin wancan.

Na biyu, kaurin sandar da tsawonta. Akwai mai inci 1, akwai mai inci 1 da kashi 1 cikin 8. Ku tuna inci 1 milimita 25.4 ne, alhali wasu injunan Asiya sandarsu milimita 25 ce cif. Ido ba ya ganin wannan bambanci, amma fuli yana gani, zai riƙa rawa har ya cinye makullinsa.

Na uku, ramukan ƙusoshin gindi da faɗin kaskon mai. A shimfiɗa kwali a gurbin injin, a huda ramukan, a rubuta awon a kai.

Na huɗu, ta inda ƙarfi ke fita. Wheel Horse da bel take ja daga bakin sanda. Tsohuwar Cub Cadet kuwa sandar ƙarfe ce ke ɗaukar ƙarfi daga ɓangaren fanka ta kai wa giya. Injin wannan ba ya zama a waccan sai da canje-canje.

Na biyar, tsayin injin, don boneti ya rufu, da wurin salansa, da irin wutarsa. Na farko-farko suna da wani gwangwani guda mai aiki biyu, shi ke tayar da inji da bel kuma shi ke cajin batir. Na baya suna da kik mai haƙora.

HANYA UKU

Hanya ta farko ita ce gyaran na gida. In bulok bai fashe ba, ana iya rarake silinda a sa fistin mai ɗan girma, domin ana yin su da ƙarin kashi 10, 20 da 30 cikin 1,000 na inci. Kayan gyaran ba su da nauyi, dakonsu ba ya cin kuɗi. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma sau da yawa wannan hanya ta fi sauƙi.

Ta biyu ita ce sayen tsohon inji irinsa. A Amurka ana samunsu wajen masu farke matattun tantan suna sayar da su gunduwa-gunduwa, kamar yadda ake yi wa motoci a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Akwai kuma tarukan masu sha'awar tsofaffin injuna, irin wanda ake yi kowane watan Agusta a Portland ta jihar Indiyana, inda ake baje kaya a fili ana tayi ana albarka.

Ta uku ita ce ɗora sabon inji na wani kamfani, kamar Honda GX390 ko 'yan uwansa ƙirar Sin, dangin waɗanda muke gani a injin ban-ruwa da na markaɗe. Wannan ba ya buƙatar jiran jirgi, amma yana da sharuɗɗa. Wanda aka ciro daga janareta sandarsa mai tsini ce, na famfon ruwa kuma galibi mai zare ce, duk biyun ba sa karɓar fuli. Sai mai miƙaƙƙiyar sanda da gurbin makulli. Sannan GX390 kilo 30 da 'yan kai ne, K301 kuwa ya haura kilo 50, don haka gaban tantan zai yi sauƙi, yana iya ɗagawa in an ja kaya mai nauyi, sai an ƙara masa ƙarfe. Ku tambayi mai kaya tun farko: aiki yake so ko ajiya? Mai aiki ba ruwansa da sunan inji. Masu ajiyar kayan tarihi kuwa sun fi daraja wadda ke da injinta na asali.

KADA A YI CINIKIN BIRI A SAMA

Kalmar "yana aiki lokacin da aka cire shi" ba shaida ba ce. A sa mai sayarwa ya ɗauki hoton allon lamba, ya ɗora ma'auni a kan sanda a gani, ya tayar da injin yana sanyi a ɗauka a bidiyo. Shuɗin hayaƙi alamar shan baƙin mai ne. Ƙwanƙwasa daga ciki alamar sanda ta ci. A juye man a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe ko ruwa.

Ga kuma wani sirri da ke sa a raina inji mai kyau. Yawancin Kohler jerin K suna da wata dabara a ciki mai ɗan buɗe bawul ɗin hayaƙi lokacin tayarwa, don juyi ya yi sauƙi. Saboda haka in an juya shi da hannu aka ji ba ya turjiya sosai, ba lalle ne ya mutu ba. Gwajin da ke faɗin gaskiya shi ne a hura iska cikin silinda a saurari ta inda take zurarewa.

DAKO

A nan kuɗi ke zubewa. A cikin Amurka gidan waya ba ya karɓar ƙunshin da ya wuce laba 70. UPS da FedEx suna karɓa har laba 150, wato kamar kilo 68. K301 da akwatinsa ya kusa wannan iyaka, in ya haura sai a ɗaure shi a kan katakon lodi a ba manyan motocin dako, su kuma sukan caji ƙari in babu injin ɗaga kaya a inda za a ɗauka.

Kafin ɗauri a tsiyaye fetur da baƙin mai tas, a bar tanki ya bushe. A kwance kafireta da salansa da matatar iska da fulogi a naɗe su daban, a toshe ramukansu, domin su ne ke fara karyewa. A ɗaure injin da noti a kan falanki ta ramukan gindinsa, a naɗe bakin sanda don kada ta huda akwati, a shafa mata giris saboda iskar teku tana kawo tsatsa. Kwali kaɗai ba ya riƙe ƙarfe mai wannan nauyi.

In za a ƙetare ƙasa, katakon akwati yana da doka mai suna ISPM 15: tilas a kashe ƙwarin da ke cikinsa, ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce a gasa shi har cikinsa ya kai zafin digiri 56 na minti 30, a buga masa hatimi mai haruffan HT. Falankin filawud bai shiga wannan doka ba, shi ya sa masu wayo da shi suke yin akwati.

Jirgin sama yana da sauri amma yana da tsada da ƙa'ida. Injin da ke da ragowar fetur kayan haɗari ne a wajensu, lambarsa UN 3528. Kuma suna auna nauyi su auna girman akwati, wanda ya fi yawa shi suke caji. Jirgin ruwa ya fi araha, musamman in an haɗa da kayan wasu cikin kwantena ɗaya zuwa Apapa ko Tin Can, sai dai haƙuri na makonni. Mai shigo da kaya da sunansa yana buɗe Form M ta banki kafin lodi, kwastan su ba da PAAR. In kuwa cikin kwantenar wani aka sa, ku tabbata an rubuta injin a takardar jerin kaya, a faɗi cewa tsoho ne, a ajiye rasit. Ranar karɓa kuma a buɗe a duba kafin a sa hannu, in akwai fashewa a rubuta a takardar direba nan take, domin bayan sa hannu magana ta ƙare.

LISSAFI DA YARJEJENIYA

Kafin ka yanka wa mai kaya farashi, ɗan'uwa, jera waɗannan: kuɗin inji, kuɗin akwati, dakon cikin Amurka, kuɗin jirgi, inshora, kuɗin fito da na wakili a tasha, dako daga Legas zuwa gida, ladan bakanike, sannan la'adarka. Ka bar rata saboda canjin dala, tunda yau ka yi alkawari, biyan wasu kuɗaɗen sai bayan wata 2 ko 3. In jimlar ta haura kuɗin sabon inji da ɗaurinsa, ka faɗa wa mai kaya gaskiya ya zaɓa da kansa.

A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: lambar samfuri, lambar tsari, awon sanda, wanda zai ɗauki asara in kaya ya fashe a hanya, da wanda zai ɗauka in bai hau ba. Mai kaya ya sa hannu a kan awon.

Ɗan'uwanmu dai ya mayar wa dattijo kafin alƙalaminsa daga aljihunsa, don riƙe mutunci, aka ɗora wa tantan ɗin sabon inji mai miƙaƙƙiyar sanda, tana can tana jan taki. Wancan K301 kuwa yana nan a sitonsa an lulluɓe da buhu, lafiyarsa ƙalau, sandarsa inci 1 da kashi 1 cikin 8. Mai bukata ya zo da ma'auninsa.