YADDA LIKITOCIN SHA-KA-TAFI SUKA RIƘE YERWA A SHEKARUN KORONA

Daga Wakilinmu na Arewa, Maiduguri

Duk wani ɗan Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun ko Fatakwal cikin shekarar 2020 ba zai manta da zaman zullumin da aka yi ba. Ran 30 ga Maris Gwamnatin Tarayya ta sa dokar kulle a Ikko da Abuja, daga baya aka hana tafiya daga wata jiha zuwa wata, ba a buɗe hanya ba sai ran 1 ga Yuli. Mutum yana Agege ko Idi-Araba, tsohuwarsa tana Gwange ko Hausari ko Bulumkutu, sai a bugo masa waya a ce tana fama da tari da zazzaɓi. Ba shi da abin yi illa ya aika da kuɗi, ya ce a kai ta asibiti. To, bayan an kai ta ɗin, hannun wa ta faɗa?

Labaran da aka riƙa bugawa a lokacin galibi na wuraren killace majinyata ne, da likitoci masu rigar leda tun daga kai har ƙafa. Alhali kuwa cikin mutum goma da cutar ta kama, kimanin takwas ba su bukaci gado ba. Inda suka je shi ne sashen sha-ka-tafi, watau wurin da ake yankar kati a bi layi a ga likita, a karɓi magani a koma gida. A manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, likitocin iyali ne ke riƙe da wannan sashe. Likitan iyali ba na ido ba ne, ba na ƙashi ba. Fanninsa shi ne duk wanda ya shigo ƙofa, jariri ko tsoho, kuma shi ke yanke shawarar wanda zai koma gida da wanda za a tura gaba.

Cutar ta fara bayyana a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani Baturen Italiya a Ikko. Dattawa sun tuna cewa marisuwa ta 1918 ma ta Ikko ta shigo, cikin jirgin ruwa, kana ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa. Jihar Barno ta yi kusan wata biyu ba ta ga kome ba. Ran 17 ga Afrilu Malam Abba Kyari, Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, wanda ɗan jihar ne, ya rasu a Ikko sanadiyyar cutar. Kashegari wani ma'aikacin jinya da ke aiki da ƙungiyar likitoci ta MSF a Pulka, cikin ƙasar Gwoza, ya rasu a Asibitin Koyarwa, gwaji kuma ya nuna korona ce. Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa dokar kulle daga ran 22 ga wata, ana saura kwana biyu a kama azumi, kwamitin yaƙi da cutar kuwa yana hannun Mataimakin Gwamna Umar Kadafur. Aka keɓe wurin killace majinyata a Asibitin Birgediya Abba Kyari, wanda ke ɗauke da sunan tsohon Gwamnan soja na Jihar Arewa ta Tsakiya, ba marigayin da aka ambata a sama ba.

Wahalar farko da likitan sha-ka-tafi ya gamu da ita ita ce gane cutar. A Yerwa zazzaɓi ba baƙo ba ne. Akwai na cizon sauro, akwai taifot, ga ƙyanda ga tarin fuka, ga tarin da ƙurar hunturu ke kawowa. Duka suna zuwa da zafin jiki da ciwon kai da kasala, kamar yadda korona ke zuwa. Gwajin zazzaɓin sauro ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, cikin minti 20 an ga sakamako. Na korona kuwa a farkon lamarin sai an zura tsinke mai auduga a hanci, an kai ɗakin bincike, a jira kwanaki. Saboda haka likita ya koma ga tambaya: yaushe tarin ya fara, wa ya zo daga tafiya, akwai wani mai irin ciwon a gida, kana jin ƙanshin miya ko ba ka ji? Wannan ta ƙarshe ta taimaka ƙwarai, domin ɓacewar jin ƙanshi da ɗanɗano alama ce da zazzaɓin sauro ba ya kawowa. Kuma ko gwajin sauro ya nuna akwai, ba a gama magana ba, don mutum ɗaya yana iya ɗaukar duka biyun.

Tun daga bakin ƙofa aka sake tsari. Ga bokitin ruwa da sabulu, ga mai auna zafin jiki a goshi, ga takunkumi a baki da hanci. Mai tari akan ware shi daga masu zuwa awon ciki da masu hawan jini. Inda hali ya yi, a waje ake jira, kuma a nan itatuwan dogon-yaro na Maiduguri suka yi rana, domin iskar fili ta fi ta ɗaki aminci, ko da yake zafin Afrilu a garin yakan haura awo 40.

Babban aikin shi ne rarrabe wanda zai warke a gida da wanda zai mutu in an mai da shi gida. Likita yakan ƙirga numfashi. Babban mutum da ke shaƙa fiye da sau 30 a minti ɗaya ba na gida ba ne. Sa'an nan akwai wata 'yar na'ura kamar maƙalin shanya da ake matse yatsa da ita, ta nuna yawan iskar oksijin da ke cikin jini. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. In ta sauka ƙasa da 94 likita ya fara kaffa-kaffa, in ta kai ƙasa da 90 kuwa sai gado da tukunyar iska. Abin da ya ruɗi har likitocin Turai shi ne wani majinyacin yana zaune yana taɗi, bai ce numfashi na yi masa wuya ba, alhali na'urar tana nuna 85. Bayan wannan sai a duba shekaru da tsofaffin cututtuka. Matashi mai ƙarfi daban, dattijo mai shekara 70 mai ciwon suga daban, ko da tarin nasu iri ɗaya ne.

Wanda aka sallama abin da yake samu kaɗan ne: farasitamol don zazzaɓi, umurnin shan ruwa da yawa da hutawa, da jerin alamun da in an gan su a dawo ko tsakar dare ne, watau haki, ciwon ƙirji, ruɗewa, ko kasa ci da sha. A nan ne fa ake samun saɓani. Mutanenmu ba su yarda an duba su ba sai an yi allura ko ƙarin ruwa, ko a ƙalla an rubuta kafso. Kafso kuwa ba ya kashe ƙwayar bairos. Kulorokwin ma an yi ta rububinsa bayan da Shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabe shi, har hukumomin lafiya na Ikko suka ba da sanarwa cikin Maris 2020 cewa an kwantar da mutanen da suka sha ya wuce kima; bincike daga baya ya nuna ba ya maganin cutar. Cikin Yuni masana a Jami'ar Oxford ta Ingila suka gano cewa dexamethasone, magani mai araha da ke kowane kemis, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda na'ura ke yi wa numfashi. Amma ga wanda bai bukaci oksijin ba, ba shi da amfani, yana ma ta da suga. A ganina likitan da ya iya kallon majinyaci da danginsa ya ƙi rubuta waɗannan, ya kuma jure a ce bai san aikinsa ba, ya yi aiki mafi wuya a shekarar. Da yawa daga cikinmu mun fita daga wurinsa mun zarce kemis, wasu kuma suka koma ga surace da tazargade.

Umurnin a killace kai a ɗaki guda har mako biyu kuwa, a takarda yake da sauƙi. Yaya za a yi a gidan da mutum 15 ke kewaya ɗaya? Balle sansanonin 'yan gudun hijira irin su Bakassi da Dalori, waɗanda a lokacin suke cike, iyali guda cikin tanti guda. Sai likita ya rage buri zuwa abin da zai yiwu: mai jinya ya zama mutum ɗaya, kada ya zama tsoho ko mai ciki, majinyaci ya kwana kusa da taga ko a tsakar gida, a ware masa kwano da moɗa, a dakatar da 'yan dubiya. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne ciwo, don a wurinmu hana dubiya kamar yanke zumunci ne.

Waya ta zama rabin asibiti. Cutar tana da mugun hali: mutum ya ga kamar ya sami sauƙi, sai tsakanin kwana na bakwai da na goma huhu ya rikice. Likitan da ya san haka yakan ce a bugo masa a waɗannan kwanaki. Sau da yawa mai bugowar ba ya ma garin, ɗan ne da ke Kudu, ya ji daga gida ya faɗa wa likita, ya ji daga likita ya mayar gida.

Akwai ɓarnar da ba ta shiga lissafin kowa ba. Tsoron kada a ce mutum yana da korona a tsare shi ya sa jama'a suka ƙaurace wa asibiti. Baffana, mai hawan jini, ya daina zuwa karɓar maganinsa wata uku cur, ya ce ba zai kai kansa ba. Korona ba ta taɓa shi ba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, har yau da sanda yake tafiya. Irin wannan ne ya sa likitoci suka koma rubuta wa masu suga da hawan jini maganin wata biyu ko uku a tashi ɗaya, suka kuma yarda ɗa ko jika ya zo da kati ya karɓa. A Kano, Ministan Lafiya Dakta Osagie Ehanire ya faɗa cikin Yuni 2020 cewa daga cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadinsu, kuma da yawa a gida suka rasu.

Zagaye na biyu ya zo da hunturun ƙarshen 2020. Ana cikinsa, a Janairu 2021, mahara suka rusa turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, Maiduguri ta shiga duhu na watanni, na'urar tace oksijin kuwa ba ta aiki sai da wuta, sai aka dogara ga janareto. Allurar rigakafi ta iso Nijeriya ran 2 ga Maris, 2021, kusan miliyan 4 a jirgin farko, aikin lallashin masu shakka kuma ya sake faɗawa kan likitan sha-ka-tafi, don shi ne wanda suka sani.

Ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar. Abin da aka rubuta wa Nijeriya shi ne kimanin mutum 267,000 da suka kamu da 3,155 da suka rasu, watau waɗanda aka gwada kaɗai. Bokitan wanke hannu sun ɓace daga ƙofofi da yawa. 'Yar na'urar nan ta yatsa da ƙanena ya saya a Idumota ya aiko wa baffa, na tarar da ita kwanan baya cikin kwanon goron matarsa, batirinta ya mutu. Na saya mata sabo a Kasuwar Litinin, na matsa yatsan tsohon, ta nuna 97.