Hanyar shiga jami'a a Najeriya da aikin da ke kan iyaye

Shiga jami'a a Najeriya matakai uku ne a jere. Na farko shi ne jarrabawar kammala sakandare, wadda WAEC ko NECO ko NABTEB ke shiryawa, sai kuma NBAIS ga ɗaliban makarantun Arabiyya da addinin Musulunci. Na biyu jarrabawar UTME ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 domin a tattara neman gurbin karatu wuri guda, bayan shekarun da kowace jami'a ke ɗaukar ɗalibanta yadda ta ga dama. Na uku tantancewar da jami'ar da ɗalibi ya zaɓa take yi da kanta. Yaro ne ke zama a ɗakin jarrabawa, amma da yawa daga cikin abubuwan da ke hana yara gurbi sun riga sun faru kafin ranar: darasin da ba a ɗauka ba tun aji huɗu, sunan da ya saɓa tsakanin takarda da takarda, layin wayar da ya ɓata. Waɗannan kuwa a hannun iyaye suke, ko sun yi boko ko ba su yi ba.

Shiri na gaskiya yana farawa ne lokacin da yaro ya gama ƙaramar sakandare zai shiga SS1, inda ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya, ajin adabi da zamantakewa, da ajin kasuwanci. A makarantu da yawa ana yin wannan rabon cikin mako guda, wani lokaci bisa yawan kujerun da ke aji, wani lokaci yaro ya bi abokinsa kawai. Amma wannan rabon ne ke yanke kwasa-kwasan da zai iya nema bayan shekara uku. Mai son likitanci dole ya zauna Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks a UTME. Mai son injiniya zai zauna Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Mai son akanta yana buƙatar lissafi da ilimin tattalin arziki. Mai son aikin lauya kuwa, jami'o'i da dama suna neman kiredit a adabin Turanci, darasin da makarantu da yawa a Arewa ba su da malaminsa. Yaron da ya kai SS3 bai taɓa shiga ajin adabi ba, ranar cike fom zai gane cewa burinsa ya tsaya tun shekara biyu da suka wuce. Uban da ya je makaranta a zangon farko na SS1 ya tambayi darussan da ake koyarwa da waɗanda suke a takarda kawai, ya yi wa ɗansa aikin da kuɗin lesin na ƙarshen shekara ba zai yi ba.

Ƙa'idar da aka fi sani ita ce kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin, har da Turanci, da lissafi ga kwasa-kwasan kimiyya da fasaha da kasuwanci, a zama ɗaya ko biyu. Zama biyu na nufin ana iya haɗa sakamakon WAEC da na NECO. Likitanci da wasu kwasa-kwasan da ake rububi yawanci zama ɗaya suke karɓa. Sharuɗɗan kan canza, kuma kowace jami'a tana da nata ƙarin, saboda haka abin dogaro shi ne kundin kwasa-kwasan da JAMB ke wallafawa a shafinta na intanet kowace shekara. Maganar maƙwabci wanda ɗansa ya shiga jami'a shekara goma da suka wuce ba ta isa hujja ba.

Zaɓen kwas shi ne inda aka fi samun saɓani a gida. A gidaje da yawa burin bai wuce likita, lauya ko injiniya ba, kuma yaro mai kunya ba zai iya kallon mahaifinsa ya ce "Baba, ba na gane kemistiri" ba. Zai yi shiru ya cike fom, ya faɗi, a sake saya masa badi. Akwai abin da ya kamata iyaye su sani game da waɗannan kwasa-kwasan: jami'a ba ta da ikon ɗaukar yawan da take so. Hukumar kula da aikin likitanci ta MDCN ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban likitanci, Majalisar Ilimin Shari'a kuma ta ƙayyade na lauyoyi. Dubban yara ne ke neman guraben da ba su taka kara sun karya ba, har ma mai maki mai kyau yakan rasa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ɗauko katin sakamakon yaro na SS1 da SS2 a duba tare da shi, a ga darussan da yake ci ba tare da an matsa masa ba, a kuma nemi malamin ajinsa a ji ta bakinsa. Idan akwai ɗan uwa ko abokin arziki mai aikin da yaron ke sha'awa, a tura shi ya wuni tare da shi a asibiti ko ofis ko gona. Sau da yawa uwa ko yaya ko kawu ne ke jin abin da yaro ba zai faɗa wa uba ba, kuma gidan da ya san haka yakan bi ta wajensu. Ga 'ya mace, batun nisan makaranta da ɗakin kwana da maganar aure gara a tattauna su a fili tun kafin sayen fom, domin yarinyar da ta samu gurbi a wani gari sannan aka ce ba za ta tafi ba ta yi asarar shekara guda a banza.

Sai batun takardu, wanda ya fi kowane sauƙi kuma ya fi kowane cin mutane. Tun 2021 babu mai yin rajistar UTME sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma JAMB tana ɗauko suna da ranar haihuwa kai tsaye daga rumbun hukumar NIMC. A ƙasar Hausa wannan ya zo da matsala ta musamman. Yaro ɗaya zai iya zama Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a rajistar WAEC, Muhammadu a NIN. A wata takarda sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan kaka, a wata sunan gari. Ranar haihuwa kuma wani ma'aikaci ya rubuta 1 ga Janairu don ba a kawo masa takarda ba. Wannan saɓanin ba ya nuna kansa sai ranar tantancewa a jami'a, ko ma bayan shekara huɗu lokacin tafiya bautar ƙasa, kuma gyaransa yana cin kuɗi da watanni. Tun yaro yana SS2 ya kamata a baje takardunsa duka a tabarma ɗaya: ta haihuwa, ta firamare, ta ƙaramar sakandare, ta NIN, da ta shaidar ƙaramar hukuma. A tsayar da rubutun suna ɗaya da jeri ɗaya, a gyara wadda ta saɓa kafin makaranta ta tura sunaye WAEC da NECO. Shekarun haihuwa ma suna da muhimmanci, domin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne. An yi yunƙurin mayar da shi 18 a 2024, daga baya gwamnati ta janye.

Rajistar UTME takan buɗe a farkon shekara. Ɗalibi zai tura lambarsa ta NIN ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a turo masa lambar da zai sayi fom da ita, sannan ya je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗauki hoton yatsunsa. A 2025 kuɗin rajistar gaba ɗaya naira 7,200 ne, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji. Layin wayar da aka yi wannan rajista da shi yana manne da ɗalibin har ya gama neman gurbi, kuma ta nan ake duba sakamako. Kuskuren da aka fi yi shi ne amfani da layin mai shagon intanet ko na wani aboki. Layin ya zama na gida, wanda ba za a bari ya mutu ba, kuma a rubuta adireshin imel da kalmar sirri a ajiye inda ake ajiye takardun fili. Kafin a bar cibiyar, wani babba ya karanta takardar da aka buga layi-layi, musamman darussa huɗu da sunan kwas.

Jarrabawar kanta da kwamfuta ake yin ta tun 2015. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, jimillar maki 400. Wato ɗalibi yana da daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron da ya san karatu amma bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai ɓata minti goma na farko yana rawar hannu, shi ya sa kuɗin jarrabawar gwaji ba asara ba ne, musamman ga yaran karkara. Akwai kuma littafin labari da JAMB ke sanyawa a karanta don tambayoyin Turanci, wanda yara da yawa ba sa buɗewa. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, cikin ɗalibai fiye da miliyan 1.9, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Taimakon da gida zai iya yi a watannin nan bai wuce a rage wa yaro aike da zaman shago, a rage wa yarinya aikin girki da raino, a samo tambayoyin shekarun baya, a kuma tabbatar akwai fitila da dare. Su kuwa cibiyoyin da ake biya a rubuta wa yaro amsa a WAEC ko NECO, ban da haɗarin a riƙe sakamakon makarantar gaba ɗaya, suna tura yaro jami'a da kiredit ɗin da ba zai iya karewa ba, kuma a aji ɗaya ake korar irinsu.

Makin da JAMB da shugabannin makarantu ke sanarwa bayan taronsu na shekara yakan ruɗi iyaye. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi. Wannan ƙasan ƙasa ne kawai. Kowace jami'a tana ɗaga nata, kowane sashe kuma yana da nasa, ta yadda makin da zai shigar da yaro sashen tarihi ba zai kai shi ko bakin ƙofar sashen harhaɗa magunguna ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, waɗanda yawancin jihohin Arewa ke ciki. Saboda haka ɗan Jigawa ko Katsina yana da dama a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello fiye da yadda zai samu a Ibadan da maki iri ɗaya. Sai dai waɗannan tsofaffin jami'o'in su ne kowa ke rububi. Sababbin jami'o'in tarayya irin na Dutse da Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ko na Gusau da Birnin Kebbi na 2013, da jami'o'in jihohi, sukan fi sauƙin shiga. Manyan jami'o'i ba sa waiwayar wanda bai sa su zaɓin farko ba, don haka zaɓin farko shi ne zaɓi. Idan sakamako ya fito bai kai ba, JAMB tana ba da damar canza kwas ko makaranta da ɗan kuɗi kaɗan, kuma gara a yi hakan da wuri maimakon a zauna jiran alfarmar wani babba.

Tun 2017 duk wani gurbi na halal ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi. Dole a ɗora sakamakon WAEC ko NECO a can, domin wanda bai ɗora ba jami'a ba za ta iya ba shi gurbi ba ko da ya fi kowa maki. Idan gurbi ya fito, ɗalibi ne zai shiga ya karɓa da kansa cikin wa'adin da aka bayar, sannan ya buga takardar shaidar. Duk gurbin da aka ce an samo ta bayan fage, wanda bai bayyana a CAPS ba, zai iya hana mai shi tafiya bautar ƙasa bayan ya gama karatu.

Sakamakon UTME na shekara ɗaya ne, amma rashin gurbi ba ya nufin zaman gida. Shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello da takwaransa JUPEB suna ɗaukar kusan shekara guda, wanda ya ci kuma yana iya shiga aji biyu kai tsaye. Mai difloma ta ND ko takardar NCE shi ma yana da wannan hanyar. Kafin a biya kuɗi a kowace makaranta, a duba ko hukumar NUC ta amince da jami'ar da kuma kwas ɗin, ko NBTE idan kwalejin fasaha ce, ko NCCE idan ta ilimi ce. Wannan ya shafi makarantun ƙetare ma. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida.

Kuɗi ya kamata a fara lissafa shi tun yaro yana SS2, domin shekarar ƙarshe tana zuwa da kuɗin WAEC da NECO da JAMB da na tantancewa kusan a tare, kuɗin rajistar jami'a da na ɗaki kuma su biyo baya cikin 'yan makonni bayan fitowar gurbi. Jami'o'in gwamnati da dama sun ƙara kuɗin rajista sosai a 2023. Asusun bashin karatu na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a Mayun 2024, yana biya wa ɗaliban makarantun gwamnati kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma ba su naira 20,000 a wata, bashi ne marar ruwa da ake fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Sai dai ana nemansa ne bayan an samu gurbi, don haka kuɗin mota da na karɓar gurbi da na zaman makonnin farko daga gida za su fito. Hukumomin tallafin karatu na jihohi ma sai ɗalibi ya yi rajista suke karɓar takardunsa, kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma tana cikin abubuwan farko da suke tambaya.