Gumin Wa Ya Gina Kwalejin Katsina?

A watan Maris na 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ahmadu Bello ya shiga a 1926 ya fita a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya kammala a 1933. Kowa na iya jero manyan da ta yaye, amma da wuya ka ji an tambayi aljihun da aka taɓa.

A Amurka ta wancan lokaci, attajirai irin su Carnegie da Rockefeller ne ke zuba wa jami'o'i dukiya. Nan Arewa ba a kafa gidauniya ba, ba a yi taron neman gudummawa ba. Haraji da jangali aka karɓa, aka raba tsakanin gwamnatin Turawa da baitulmalin En'e, tsarin da aka soma a Katsina wajen 1909. Daga nan albashin malamai ya fito, da abincin ɗalibai da littattafansu.

Ɗauki Illela, a ƙasar Gwadabawa, dab da Birnin Ƙonni. A wancan zamani manomi a nan gero da dawa yake nomawa, haraji kuwa da kuɗin Bature ake biyansa. Saboda haka da an gama girbi sai magidanta su kama hanyar cin rani, wasu har Gwanja, su yi dako da leburanci don su cika kuɗin kai. Bafulatani kuma ana ƙirga masa shanu ɗaya bayan ɗaya. Ga aikin tilas na hanyoyi a kan wannan. A tsallaken iyaka ma, inda Faransa ke mulki, sai 1946 aka soke shi, kuma kafin nan ya sa mutane da dama sun gudo wannan ɓangare, sun shiga takardar haraji ta nan.

Waɗannan su ne masu ba da tallafin karatu na farko a ƙasar Sakkwato, ko da yake ba a shawarce su ba, kuma 'ya'yansu ba su cika samun gurbi ba. Akasarin yaran da ake turawa na sarakuna ne da ma'aikatan En'e. A ganina wannan bashi ne da tarihi bai rubuta wa talaka ba.

Shi ma ɗalibin ba kyauta ya ci ba. An horar da shi ne don ya koma lardinsa ya koyar, kamar yadda Ahmadu Bello ya yi a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934. A lokacin malami ma'aikaci ne mai iyayengiji biyu, En'e da jami'in ilimi Bature, kuma ba shi da ƙungiyar da zai kai wa kuka kan albashi ko canjin wurin aiki. Sai a 1948 Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, shekara 26 bayan buɗe kwalejin.