Zaɓaɓɓun Allah da Ƙarshen Zamani a Wurin Kirista

Kirista duka sun yarda Allah ya yi wa Ibrahim alkawari, ya zaɓi zuriyarsa ta wajen Isiyaku da Yakubu, watau Bani Isra'ila. Sun kuma yarda Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, zai komo duniya. Inda suka rabu shi ne a kan tambaya guda: bayan zuwan Almasihu, wa ya gaji alkawarin nan?

Amsa ta fari ita ce tsohuwa. Malaman dā, kamar Agustin mutumin Afirka ta Arewa, wanda ya rasu cikin shekara ta 430, sun koyar cewa jama'ar masu bi, wadda suke kira Ikilisiya, ita ce magajiya. A wurinsu zaɓe na bangaskiya ne, Bayahude da Bature da baƙin mutum duk ɗaya. Amma waɗansu suka karkatar da wannan magana, suka mai da ita hujjar wulaƙanta Yahudawa a ƙasashen Turai shekaru aru-aru.

Amsa ta biyu ta fito daga wani malami mai suna John Nelson Darby, wanda ya yi aikin coci a Ayalan, ya rasu a 1882. Shi ya ce Allah yana da jama'a biyu, Ikilisiya daban, Isra'ila daban, kuma alkawarin ƙasa yana nan ga Yahudawa. Ga yadda ya jera al'amuran ƙarshe: za a fyauce masu bi zuwa sama, a yi shekara bakwai na tsanani, a gwabza babban yaƙi a Armageddon, sa'an nan Almasihu ya sauko ya yi mulki shekara dubu a Urushalima, watau Birnin Ƙudus. A 1909 wani Ba'amurke, Scofield, ya buga Littafi Mai Tsarki da sharhin wannan koyarwa a ƙarƙashin ayoyi, ta bazu a Amurka. Da aka kafa ƙasar Isra'ila a 1948, ta kuma kama gabashin Ƙudus a yaƙin 1967, sai mabiyanta suka ce ga annabci yana cika. Shi ya sa Kirista masu yawa a Amurka ke matsa wa gwamnatinsu ta goyi bayan Isra'ila.

Amsa ta uku ta zo bayan Hitler ya hallaka Yahudawa wajen miliyan 6. A 1965 babban taron Katolika a Rum ya bayyana cewa Allah bai yar da Yahudawa ba, kuma kada a ɗora musu duka alhakin mutuwar Almasihu. Sun dogara ga wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, inda ya kwatanta Isra'ila da itacen zaitun wanda aka ɗaura masa rassan waje. Amma ba su ce ƙasar Isra'ila ta yau alamar tashin ƙiyama ce ba.

To, maganar ba ta tsaya a littafi ba, ta taɓa gonaki da gidaje. A yaƙin 1948 Larabawan Falasɗinu wajen 700,000 suka rasa matsuguninsu, cikinsu har da Kirista. A 2009 waɗansu malaman Kirista na Falasɗinu suka fitar da takarda a Baitalami, suka ƙi yarda a yi hujja da Littafi Mai Tsarki a karɓe ƙasar wani.

Game da lokaci kuwa, an sha ƙonewa. Mabiyan William Miller a Amurka sun sa rana, 22 ga Oktoba 1844, suka kwana suna jira, gari ya waye ba kome. Linjilar Markus ma ta nuna sanin ranar nan na Allah ne kaɗai.

Saboda haka, mai karatu, in ka ji an ce Kirista sun ce kaza game da Yahudawa ko ƙarshen duniya, ka fara tambaya: waɗanne daga cikinsu? Rashin sani ya fi dare duhu.