A Italiya ba a ciniki da direba, amma akwai ragi ga mai tambaya

A tashar Ƙonni, mai zuwa Malbaza ko Illela a ƙaramar mota ya san hanyar neman sauƙi: ya ja kamasho gefe, ya ce "Haba maigida, a duba ni," a yi ta ja-in-ja har a daidaita. Ƴan'uwanmu da karatu ko neman abinci ya kai Italiya, wasu kan tafi da wannan sabo, wasu kuma su biya cikakken kuɗi baki alaikum don kunya. Duka biyun asara ce.

A can direban bas ba shi da ikon rage maka ko dala. Ragin a rubuce yake, kowane rukuni da nasa: ɗalibai, matasa, tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi. A birnin Milan, tun 2023 tikitin minti 90 na kamfanin sufuri na ATM yuro 2.20 ne, wajen sefa 1,440. Katin wata kuwa yuro 39, amma wanda bai kai shekara 27 ba 22 zai biya. Bambancin ya haura jika goma sha ɗaya kowane wata, kuɗin da iyalinka a gida suka san amfaninsa.

Idan ka isa wurin sayar da tikiti, fara da gaisuwa, "Buongiorno". Sai ka ce "C'è una riduzione per studenti?", wato akwai ragin ɗalibai? Kalmar farko "ce" ake faɗinta, kamar tamu. Neman kuɗin katin wata shi ne "Quanto costa l'abbonamento mensile?" Mai ƙaramin albashi kuma ya tambaya ko ya cancanci farashin tallafi: "Ho diritto alla tariffa agevolata?"

Tambayar da ta fi muhimmanci a ganina ita ce "Quali documenti servono?", waɗanne takardu ake bukata? Don ba a ragi da fatar baki. Galibi za a nemi katin shaida, takardar makaranta, ko ISEE, takardar da ke nuna samun gidanku, wadda ofisoshin taimakon haraji da ake kira CAF ke taimakawa a cike.

Kuma in tikitin takarda ka saya, ka buga shi a na'ura da zarar ka shiga. Mai bincike ba ya karɓar "ban sani ba", tarar kuwa ta ninka kuɗin tikitin sau da yawa.