Gyaran Muƙamuƙi da Ƙarfen Titaniyom

Da muƙamuƙi kake tauna abinci, da shi kake magana, kuma shi ke riƙe da haƙoranka. Idan wani sashe nasa ya lalace, ci yakan gagara, mutum ya rame, fuska ta karkace. Abubuwa uku ne suka fi jawo haka: haɗarin babur ko mota, ƙari mai girma cikin ƙashi, da ciwon noma mai cin bakin ƙananan yara.

Me ya sa ake sa ƙarfe?

Ƙashin da ya karye yakan haɗe da kansa idan bakunansa suna kusa da juna, aka kuma hana shi motsi. Amma idan an yanke babban yanki saboda ƙari, giɓin ya fi ƙarfin jiki. Sai an yi wa ƙashin abin dogara.

Wannan abin dogara, da titaniyom ake yin sa. Ƙarfe ne mai ƙarfi, bai kai baƙin ƙarfe nauyi ba, ba ya tsatsa, jiki kuma ba ya ƙyamarsa. A shekarar 1952 wani likita a ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya lura cewa ƙashin zomo ya manne wa titaniyom har ya ƙi rabuwa da shi. A 1965 ya fara dasa wa mutum haƙora a kan irin wannan ƙarfe.

Yaya ake aikin?

Za a ɗauki hoton ƙashin tukuna, a auna giɓin. Ranar aiki za a ba ka maganin barci, ba za ka ji zafi ba. Likita zai cire ƙashin da ya lalace, ya lanƙwasa ƙarfen daidai da siffar muƙamuƙinka, ya ɗaure shi da ƙananan kusoshi.

Wani lokaci fallen ƙarfe ne, wani lokaci raga ce mai ƙananan ƙofofi. A cikin ragar ake zuba gutsattsarin ƙashi da aka ɗebo daga jikinka, galibi daga ƙugu. Idan giɓin ya yi tsawo, akan ɗauko haƙarƙari ko siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri.

Ka san yadda kabewa take bin darni tana yaɗo? Haka jijiyoyin jini da sabon ƙashi suke bin ƙofofin ragar. Ƙarfen ba ya zama ƙashi, riƙewa kawai yake yi har naka ya tsiro. Wannan yakan ɗauki watanni, sai da haƙuri.

Bayan aiki

1. Ka ci abinci mai ruwa ko mai laushi: kunu, koko, nono, ƙwai, tuwo mai taushi da miya.
2. Ka bar goro, rake, kilishi da ƙashin nama har likita ya yarda.
3. Ka bar taba, ta sha da ta baki. Tana hana ƙashi haɗewa.
4. Ka kurkure baki da tafasasshen ruwa mai ɗumi da ɗan gishiri bayan kowane abinci.
5. Ka shanye magungunanka duka, ko da ka ji sauƙi.
6. Kada a yi ƙaho, ko sakiya, ko ɗori a wurin.

Ka komo asibiti nan da nan idan:

• zazzaɓi ya kama ka
• kumburi yana ƙaruwa
• mugunya ko wari na fitowa
• ka ga ƙarfen ya bayyana
• haƙoran sama da na ƙasa sun daina haɗuwa daidai

Za a cire ƙarfen?

Ga babba, yawanci akan bar shi muddin rai, in bai kawo matsala ba. Ga yaro kuwa, likita zai riƙa duba shi, domin ƙashinsa bai gama girma ba.

Ba kowane asibiti ke da kayan wannan aiki ba, mai yiwuwa a tura ka wani wuri. Amma kada ka jira. Ƙarin muƙamuƙi sau da yawa ba ya ciwo da farko, shi ya sa mutane ke sakaci da shi. Idan ka ga kumburin da ya ƙi sacewa, ko haƙora suna girgiɗi ba dalili, ka zo a duba ka. Idan dasashin yaro yana jini, bakinsa yana wari, kuncinsa ya kumbura, a kawo shi ran nan. Da wuri, ƙashi kaɗan za a rasa.